Karayar kwarmin ido: a yi tiyata a nan Abuja, ko a jira ƙarfen da kwamfuta za ta auna?

Yayan Majinyaci, Nyanya

Assalamu alaikum. Ina roƙon likitocin da ke wannan zaure, da duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan rauni, su taimaka mana da shawara. Ƙanena ne ya hau acaɓa daga Mararaba zai shigo Nyanya, wata mota ta goge su ta gefe, ya faɗi fuskarsa ta bugi bakin kwalbati, kuma babu hular kwano a kansa. Yau abin ya kai mako guda. Alhamdu lillahi ƙwaƙwalwarsa ba ta taɓu ba, idon ma yana gani, amma hoton siti-sikan da aka ɗauka ya nuna cewa ƙashin da idonsa na hagu yake zaune a kai ya karye ya rufta ƙasa, kuma karayar ta haɗa da bangon da ke wajen hanci.

Tun da kumburin ya fara saɓewa muka soma ganin abin da ya ɓoye mana. Idan ya dubi gabansa kai tsaye abu ɗaya yake gani, amma da zarar ya ɗaga ido sama, ko ya sunkuyar da shi zai zuba shayi a kofi, sai abin ya rabu masa biyu, har ya saba da rufe ido ɗaya da tafin hannu kafin ya zuba. Kuncinsa na hagu da rabin leɓensa na sama da haƙoran wannan gefen duk sun yi dindiris. Mahaifiyarmu kuma ta dage cewa idon ya fara faɗawa ciki.

Likitan da ke duba shi ya ce yana son a shiga tiyata kafin a cika mako biyu, a ɗago abin da ya zube a mayar da shi mazauninsa, a shimfiɗa wata raga ta ƙarfen taitaniyom a ƙarƙashin idon. Sai dai kawunmu ya ce kada mu yarda a taɓa yaron a nan, wai a Indiya da Masar kwamfuta ce ke auna ramin, a ƙera ƙarfen daidai da fuskar mutum, kuma ya ce dangi za su haɗa kuɗin ko da za a ɗauki wata ɗaya ko biyu. Wasu sun kawo maganar mai ɗori, amma wannan mun riga mun rufe ta. Abin da nake son sani shi ne, mene ne ainihin bambancin waɗannan hanyoyi biyu, kuma jiran da kawu yake so a yi zai amfani yaron ko cutar da shi zai yi?

Likitan Tiyatar Fuska da Muƙamuƙi, Abuja

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma tsare gaba. Hukuncin ƙarshe yana hannun likitan da ya duba shi ya kuma ga hoton, amma zan yi maka bayanin aikin yadda za ka iya zama da kawu ku yi magana da hujja.

Ƙasusuwa bakwai ne suka haɗu suka yi kwarmin ido. Bakinsa, wato zoben da mutum ke ji idan ya shafa girarsa da saman kuncinsa, ƙashi ne mai kauri da ƙwari, amma daga ciki abin ya bambanta, domin ƙasan kwarmin bai cika kai milimita 1 ba, bangon wajen hanci kuwa ko rabin milimita bai kai ba, kuma bayan kowannensu babu komai sai kogon iska. Idan duka ya sauka a wurin, ko dai ƙwayar ido ta koma baya ta matse abin da ke kewaye da ita har siririn ƙashin ya fashe, ko kuma ƙarfin dukan ya bi ta bakin kwarmin ya lanƙwasa ƙasan har ya karye. Tun a 1957 wasu likitoci biyu a Amurka, Byron Smith da William Regan, suka nuna hanyar farko ta yin gwaji a kan gawa. Jijiyar da ke kai ji zuwa kunci da leɓen sama da haƙoran gaba a cikin wannan ƙashi na ƙasa take bi, shi ya sa ƙanenka yake jin dindiris.

Cikin kwarmin babban mutum yana ɗaukar kusan mililita 30, ƙwayar ido kuwa kusan 7 ce kawai, sauran kitse ne da tsokoki shida masu juya ido da jijiyoyi. Idan ƙasa ta rufta kwarmin ya ƙara faɗi, kitsen ya gangara cikin kogon kunci, idon ya bi shi baya. A ƙiyasin da muke aiki da shi, duk ƙarin mililita 1 yana mayar da ido baya da kusan milimita 1, kuma daga milimita 2 mutane ke fara lura. Kumburi yana rufe wannan a kwanakin farko, don haka kada ka yi musu da Hajiya, mai yiwuwa ita ta riga kowa gani.

Ba kowace karaya muke yi wa tiyata ba. Muna shiga ne idan tsoka ko naman da ke riƙe da ita ya maƙale a tsagin har ido ya kasa juyawa, ko ido ya faɗa fiye da milimita 2, ko ramin ya cinye rabin ƙasan kwarmin, wanda mun san ko bai faɗa yau ba zai faɗa nan gaba. Maganar mako biyu kuwa dalilinta shi ne, a lokacin kumburi ya sauka ana iya ganin wuri, amma naman da ya zube bai riga ya manne da tabo ba. Bayan wata ɗaya ko biyu sai likita ya riƙa ɓanɓaro shi daga jikin kogon, kuma kitsen da ya daɗe a matse yakan motse, ba ya komawa girmansa.

Yanzu ga inda fasahar zamani ta shigo. Wahalar wannan aiki ba ta buɗe wurin ba ce, ta mayar da siffa ce. Ƙasan kwarmi ba shimfiɗaɗɗiya ba ce: daga baki takan ɗan nutsa, sannan ta hau tudu a bayan ƙwayar ido, musamman can ciki ta wajen hanci, kuma wannan tudun ne ke tokare ido ya hana shi komawa baya. Likita yana aiki ne ta ɗan ƙaramin yanka, cikin rami mai tsukewa, kitse yana ta zubo masa yana rufe gani, ga jijiyar gani tana shiga kwanya a nisan da bai fi santimita 4 zuwa 5 daga baki ba. Wanda ya ji tsoron matsawa baya sai ya ajiye ragar ba ta kai ga ƙashin da ya rage a can ƙurya ba, bakinta na baya ya lotsa cikin kogo, a tashi daga tiyata ido yana nan a faɗe. Wannan shi ne kuskuren da aka fi samu, kuma kusan duk na'urorin da kawu ya ji labari an ƙirƙiro su ne don magance shi.

Ragar da ake lanƙwasawa da hannu a ɗakin tiyata ita ce matakin farko, kuma a ƙaramin rami a bango ɗaya tana wadatarwa ƙwarai a hannun wanda ya saba. Akwai wadda kamfani ya riga ya lanƙwasa bisa matsakaicin siffar kwarmin mutane, ta dama daban ta hagu daban, babba da ƙarama. Sama da wannan akwai a ɗauki hoton lafiyayyen idon majinyaci a juya shi a kwamfuta ya koma ɗaya gefen, a buga siffar da roba a na'urar 3D, wato na'urar da ke fitar da siffar abin da aka zana a kwamfuta, likita ya lanƙwasa ragar a kanta tun kafin ranar aiki. Na ƙarshe shi ne abin da kawu yake nufi, a zana ƙarfen a kwamfuta a ƙera shi don mutum ɗaya tak. Bambancin ta kamfani da wannan ta ƙarshe shi ne bambancin rigar kanti da wadda tela ya yi wa awo, sai dai shi telan yana ɗaukar lokaci. Wasu manyan asibitocin waje suna haɗawa da na'urar da ke nuna wa likita a allo inda bakin kayan aikinsa yake a cikin hoton majinyaci, wasu kuma suna ɗaukar hoto a kan gadon tiyata kafin a ɗinke, don a gyara zaman ƙarfen nan take.

A fahimtata da abin da aka rubuta zuwa yanzu, ƙarfen da aka yi wa mutum da awonsa ya fi mayar da faɗin kwarmi daidai, kuma yana rage tsawon lokacin aiki, amma ba a nuna ƙarara cewa ya fi kawar da gani biyu-biyu ba. Amfaninsa ya fi fitowa a babban rami da ya haɗa bango biyu, ko tsohuwar karaya, ko gyaran aikin da bai yi kyau ba. Ƙanenka yana iya shiga rukunin farko, don haka ka tambayi likitansa ko mahaɗar ƙasan da bangon hancin ta karye, da kuma ko akwai sauran ƙashi a baya da ƙarfe zai hau. Ra'ayina dai, kada ku sayar da waɗannan makonni don jiran biza da tara kuɗi. Ku tambaya ko za a iya buga masa siffar roba a nan gida.

Likitar Ido, Gwagwalada

Malam, ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Na yarda da yawancin abin da abokin aikina ya faɗa, amma zan ja maganar ta wani gefe, domin Hausawa sun ce gurbin ido ba ido ba ne, kuma a cikin bayaninka ban ga inda ka ce likitan ido ya duba shi ba. Cewa yana gani bai isa ba. Dukan da ya fasa ƙashi ya fara ratsa ƙwayar ido ne ko ya girgiza ta, don haka dole a auna ƙarfin ganinsa, a haska a ga yadda baƙin idon ke amsa haske, a auna matsin ruwan ido, a ɗiga magani a buɗe a leƙa tantanin baya ko ya yage. Yagewar tantanin nan wani lokaci ba ta nuna kanta sai bayan makonni, mutum ya fara ganin walƙiya ko baƙin labule yana saukowa ta gefe. Idan ƙwayar idon kanta ta sami rauni, ita ake fara yi wa aiki, ƙashi ya jira, saboda a lokacin gyaran ƙashin ana ɗaga ido ana danna shi.

Inda nake da ɗan ja shi ne mako biyun nan. Ma'auni ne mai kyau, amma ba doka ba ce da za a bi ido rufe. Tun a 1974 wani likitan ido na Amurka, Allen Putterman, ya nuna cewa da yawa daga cikin masu wannan karaya gani biyun nasu yana gushewa da kansa ba tare da wuƙa ba, kuma muhawarar ba ta mutu ba har yau. Dalili shi ne gani biyu ba maƙalewa kaɗai ke kawo shi ba. Tsokar da ta bugu ta kumbura, ko jijiyar da ke motsa ta ta yi rauni, ita ma ba za ta juya ido daidai ba, kuma babu ƙarfen da zai gyara wannan ko a ina aka ƙera shi. Muna bambancewa ne ta auna motsin idon a taswira ta musamman a maimaita bayan 'yan kwanaki a ga ko ana samun ci gaba, da kuma ɗiga maganin kashe zafi a kama farin idon da ɗan hantsaki a juya shi sama a ji ko wani abu na riƙe da shi. Ga ƙanenka, tun da rami ne babba kuma ido ya fara faɗawa, ina ganin ma'aunin ya karkata ga tiyata. Amma ku sani tun yanzu cewa ana iya mayar da ƙashi daidai gani biyun ya ɗan saura, a bi shi da tabarau mai karkatar da haske, ko a yi wa tsokar aiki na daban bayan kamar wata 6 idan abin ya tsaya cak.

Kafin nan, a hana shi fyace hanci, idan atishawa ta zo ya buɗe baki. Kwarmin yanzu a buɗe yake da kogon hanci, kuma na sha ganin wanda ya fyace sau ɗaya fatar idonsa ta cika da iska ta rufe ruf, idan ka taɓa ka ji tana ƙas-ƙas a ƙarƙashin yatsa. Saboda wannan dalili ma likitoci da yawa ba sa son a hau jirgin sama da sabuwar karaya irin wannan sai an duba, kuma ya kamata kawu ya san da haka.

Zan ƙara abu ɗaya don iyayen da ke karantawa, domin shi ya fi tayar mini da hankali. Ƙashin yaro yana da danƙo, yakan tsage ya buɗe, tsoka ta faɗa, ya koma ya rufe ya datse ta. Irin wannan yaro idonsa fari tas, babu kumburi babu kwantaccen jini, sai dai amai da jiri da ƙin buɗe ido, wani lokaci bugun zuciyarsa ya ragu, a ɗauka buguwar kai ce a ce a je gida a lura da shi. Idan aka ce ya kalli sama za a ga ido ɗaya ya tsaya. Wannan ba ya jiran mako biyu, cikin kwana ɗaya zuwa biyu ake son a saki tsokar, kafin rashin jini ya lalata ta.

Injiniya, Jos

Assalamu alaikum. Ni ba likita ba ne, aikina zane a kwamfuta da bugun siffofi da na'urar 3D, don haka zan tsaya a kan siffar robar da Likita ya ambata, saboda mutane suna ɗaukarta wani abu ne da sai an ƙetare teku.

Abu na farko, Malam, ku koma inda aka ɗauki hoton ku karɓi faifan CD ko a zuba muku a filashi. Baƙar takardar da ake ɗagawa a haske ba ta da amfani a wannan aiki, balle hotonta da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp. Ainihin fayilolin ake bukata, waɗanda ake kira DICOM. Kuma a tambayi kaurin yankan hoton, domin siti-sikan yanka-yanka yake ɗaukar kai, kuma idan kowane yanka ya kai milimita 3 ko 5, irin wanda ake yi cikin gaggawa don duba ƙwaƙwalwa, siraran ƙasusuwan kwarmi ɓacewa suke yi. Milimita 1 ko ƙasa da haka ake so. Sau da yawa ba sai an sake haska majinyaci ba, idan bayanan na nan a cikin na'urar ma'aikacin zai iya fitar da siraran yankan.

Daga nan akwai manhaja ta kyauta mai suna 3D Slicer da ake ware ƙashi daga nama da ita. A nan ainihin wahalar take, ba a bugun ba. Ko a lafiyayyen gefen, ƙashin ya yi sirantar da kwamfuta takan nuna ramuka a inda babu rami, sai mutum ya bi yanka bayan yanka yana cikewa da hannu, kuma wajibi ne likitan da zai yi tiyatar ya zauna ya duba kafin a buga, saboda injiniya bai san wane tudu ne na halitta ba, wanne ne kuskuren hoto. Sai a juya lafiyayyen gefen a ɗora shi a kan karyayyen. Fuskar mutum ba ta zama daidai wa daida hagu da dama, amma bambancin kwarmin biyu kaɗan ne, ya isa a yi awo da shi. Bugun kwarmi ɗaya 'yan sa'o'i ne, muddin wuta ba ta ɗauke a tsakiya ba, shi ya sa ba na tayar da irin wannan aiki sai a kan batir.

A kula da abu ɗaya. Robar da aka fi bugawa da ita, PLA, tana fara laushi tun daga zafin digiri 60, tukunyar da asibiti ke dafa kayan tiyata kuwa tana kai 121 ko 134. Saboda haka robar ba ta shiga tukunya, ba ta kuma shiga jikin mutum. Likita ne zai lanƙwasa ragar a kanta, sannan a dafa ragar ita kaɗai. Shi kuwa ƙarfen da ake ƙerawa don mutum ɗaya, wata na'ura ce daban ke yin sa, mai narka garin taitaniyom da hasken leza, mai tsadar gaske, kuma idan daga waje za a yi odarsa sai a lissafa zane da amincewar likita da ƙira da jigila da kwastan, ga farashin da ke bin dala.

Yayan Majinyaci, Nyanya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Likitar ido ta duba shi kamar yadda aka ba da shawara, ta ce ƙwayar idon lafiya lau. Likitan tiyatar kuma ya ce ramin ya wuce rabi, mahaɗar ta karye, amma akwai sauran ƙashi a baya, kuma ya amince a gwada siffar roba idan za ta samu cikin 'yan kwanaki. Kawu ya ɗan sauko. Yanzu Hajiya ce hankalinta bai kwanta ba, domin an gaya mata wai ciro idon ake yi a ajiye a gefe a gyara ƙashin sannan a mayar. Tana kuma tambaya ko ƙarfen zai yi tsatsa, ko za a sake buɗewa a cire shi, da kuma ko zai bar masa tabo a fuska. Likita, a taimaka da abin da zan gaya mata.

Likitan Tiyatar Fuska da Muƙamuƙi, Abuja

Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata ba a ciro ido. Yana nan manne da jijiyarsa da tsokokinsa, ana sa masa kariya ne a ɗan ɗaga shi da wani siririn ƙarfe mai faɗi, a yi aiki a ƙarƙashinsa, majinyaci kuma yana cikin barcin allura bai san ana yi ba. Yawancinmu yanzu ta cikin fatar ido ta ƙasa muke shiga, wato jan wurin nan da ake gani idan an ja fatar, kuma idan ana son kaiwa ga bangon hanci sai a ƙara yankan ta lungun ido, don haka babu tabo a waje. Wasu suna yanka ta waje a ƙarƙashin gashin ido, tabon yakan ɓace a cikin layin fata, sai dai wannan hanya ta fi jawo fatar ta janye ƙasa bayan warkewa. Ka tambayi likitansa wadda zai bi.

Taitaniyom ba ya tsatsa a jiki, maganaɗisu ba ya jansa, don haka ba ya hana ɗaukar hoton MRI, wanda na'urarsa ke aiki da maganaɗisu, nan gaba, kuma ba a cire shi sai in ya kawo matsala, abin da ba a cika gani ba. Ƙananan kusoshi ɗaya ko biyu ne ke riƙe shi a bakin ƙashi. Akwai wasu kayan da ake sawa a madadinsa, kamar wata roba mai ƙananan ƙofofi da nama ke tsirowa a ciki, ko wadda ke narkewa da kanta a ƙananan ramuka, ko ƙashin mutum da aka ɗebo daga kwanyarsa ko ƙugunsa, amma a rami mai bango biyu ƙarfen ya fi riƙe siffa, kuma yana fitowa sarai a hoton da za a ɗauka bayan aiki. Wannan hoton ku nemi a yi shi kafin a sallame ku, domin shi ne zai nuna ko bakin ragar na baya ya hau ƙashi, kuma gyara a kwanakin farko ya fi gyara bayan wata shida sauƙi nesa ba kusa ba. Idan yana da inshorar lafiya ta NHIA ko ta wurin aiki, a tambaya tun yanzu ko ta ɗauki kuɗin ƙarfen, a kuma karɓi lissafin asibiti a rubuce, kuɗin ƙarfe daban na aiki daban.

Kada ku tsorata idan gani biyun ya ƙaru a makon farko, kumburin tiyata ne, dindiris ɗin kunci kuwa yakan ɗauki watanni kafin ya saki, wani lokaci ya bar ɗan saura. Abin da ba a wasa da shi shi ne zubar jini a bayan ido. Ba kasafai yake faruwa ba, amma idan ya faru jinin ba shi da mafita, yana matse jijiyar gani, kuma cikin sa'a ɗaya da rabi zuwa biyu ana iya rasa ganin baki ɗaya. Shi ya sa ma'aikatan jinya za su riƙa tashinsa a daren farko suna haska idon suna sa shi ya ƙirga yatsu, kuma bai kamata a naɗe idon a rufe ruf har safiya ba. Wanda zai kwana da shi ya zama mai farkawa, kuma a gaya masa tun da rana cewa idan ciwo ya tsananta farat ɗaya, ko idon ya turo waje ya yi tauri, ko ganin ya fara dusashewa, ya kira ma'aikaciyar jinya a take ta kira likita, domin akwai ɗan yanka da ake yi a gefen fatar ido a kan gadon ɗaki don sakin matsin, kuma ba ya bukatar a jira a buɗe ɗakin tiyata.